Icce, Agara da Tsirkiya: Yadda Ake Sassaƙa Baka a Ƙasar Gobir

Bakan da maharbi zai shiga daji da shi bana, tun bara aka saro iccensa. Haka sana'ar take a ƙauyukan Gobir, daga Unguwar Lalle zuwa Sabon Birni da Isa, har a ƙetare iyaka wajen Tsibiri da Maraɗi. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: gatari, gizago, wuƙa mai kaifi, tsinken ƙarfe, ɓallin fasasshiyar kwalba, da ɗan man kaɗe a gwangwani. Burgami ɗaya ya ishe su. Sanin da ke tafiyar da su ne mai yawa, don kusan duk aikin ragi ne, kuma abin da wuƙa ta ɗebe daga jikin icce ba ya komawa.

Mutanen wannan yanki ba baƙin baka ba ne. A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da dawakai da 'yan lifida. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu yana hannun 'yan baka, kuma su suka yi rinjaye ran nan. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, kufanta yana nan cikin wannan ƙasa. Ko a 1903, da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojansu a yaƙin Burmi. Yaƙi ya saki baka, farauta ta riƙe shi, shi ya sa har gobe akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwan Hausa.

Zaɓen icce

Mai sassaƙa baka ba ya fita sara da damina. Yakan jira kaka ta wuce, iskar hunturu ta busa, ruwan jikin itatuwa ya ja baya. Icce iri biyu ne ba ya so: mai taushi irin kuka da rimi, wanda ba shi da ƙarfin komawa in an tanƙwara shi, da mai gautsi, wanda gara ya karye da ya rusuna. Abin nemansa icce ne mai tauri haɗe da danƙo, wanda zai bi hannu in an ja shi, ya koma mazauninsa da zafi in an sake shi. Ɗunɗu da dargaza suna da wannan hali, haka ma gora inda ake samunta.

Ganin bishiyar ba shi ne samun baka ba. Zai zaga ta yana neman sanda miƙaƙƙiya mai kaurin tsintsiyar hannu, tsawon kamu uku da 'yan kai, wato wajen mita ɗaya da rabi. Ɓawon yake karantawa. In layukansa sun murɗe suna zagaya sandar, to naman iccen ma a murɗe yake, bakan zai riƙa juyawa a hannu. In akwai gurbin tsohon reshe daidai inda za a tanƙwara, nan zai karye wata rana. In ya ga 'yan huji da garin icce a bakinsu, ƙwaro ya riga shi. Mutum kan wuni a daji ya dawo da sanda biyu tak, kuma bai ga ya yi asarar yini ba.

Bushewa da miƙarwa

Da isa gida sai ya ɓare ɓawon a hankali, ya shafe bakin sandar sama da ƙasa da kitse ko man kaɗe. Ruwa ya fi saurin fita ta wurin sara, kuma in baki ya bushe ciki yana ɗanye, iccen darewa zai yi. Man yana toshe wannan ƙofa, ya tilasta wa ruwan fita sannu-sannu ta jiki. Rana ba ta ganin sandar. A rufin ɗakin girki ake soke ta a kwance, inda ga inuwa, ga hayaƙi mai korar ƙwari. Can za ta yi watanni tana shan kunkunniya. Jifa-jifa yakan sauko da ita, ya jinjina nauyinta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa. Ɗanyen icce amonsa a dushe yake, busasshe kuwa ƙararsa tar take fita. Ran da nauyi ya daina raguwa, aiki ya zo.

Yara ma suna yin baka. A saro ɗanyar tsumagiya da hantsi, a ɗaura mata igiyar leda, kafin azahar ana ta harbin ƙadangaru. Bayan 'yan kwanaki ta sandare a lanƙwashe, ba ta ƙara tura ko kara. Babba ma in ya ƙosa irin wannan zai samu, sai dai nasa ya fi na yaran girma.

Da wuya sanda ta bushe ba ta karkace ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma masu wannan sana'a sun san yadda ake shawo kan busasshe. Sai a shafa mai a wurin karkatar, a riƙa juya shi bisa garwashi, ba harshen wuta ba, har ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba amma bai babbake ba. Zafi yana sassauta abin da ya manne zaruruwan icce da juna. Nan da nan a sa shi a gwafar bishiya ko a gwiwa, a danna har ya ɗan zarce miƙewa, a riƙe sai ya huce. Yadda ya huce haka zai zauna. Mai aikin ya rufe ido ɗaya, ya leƙa sandar daga wannan baki zuwa wancan, in da saura ya koma wuta.

Baya da ciki

Baka yana da baya, yana da ciki. Baya shi ne gefen da ke fuskantar abin harbi, ciki kuma gefen da ke duban maharbi. In an ja tsirkiya, wato igiyar baka, zaruruwan baya miƙewa suke yi, na ciki kuwa matsewa. Icce yana jure miƙewa muddin zaruruwansa sun tafi daga baki zuwa baki ba a yanke su ba. Don haka doka ta farko ita ce wuƙa ba ta cin baya. Fuskar da aka ɓare wa ɓawo haka za a bar ta, sai dai a goge. Sara ɗaya ya kuskure a nan, sartse zai tashi daga wurin, daga sartse kuwa sai karaya. Duk ragin da za a yi, daga ciki da gefe za a yi shi.

Gizago ne ke buɗe aiki. Mai shi yana zaune, ya tokare gindin sandar da ƙafa, yana sara gajere-gajere daga tsakiya zuwa baki. Mariƙi, wato tsakiyar da hannu ke kamawa, a bar shi da kaurinsa. Hannuwan bakan biyu kuwa su yi ta sirancewa har ƙarshensu ya kusa kaurin yatsa. Da siffa ta fito sai a ajiye gizago tun bai yi ɓarna ba. Wuƙa ta karɓa, amma ba fiƙa za ta yi ba: a tsaye ake riƙe kaifinta bisa iccen ana kankara, abin da ke zubowa ma iska ke ɗauke shi. Kwalba ce ke zuwa daga ƙarshe ta share sawun wuƙa.

Wannan taka-tsantsan yana da lissafi a bayansa. Ƙarfin sanda ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. In aka ninka faɗinta, wuyar tanƙwara ta sau biyu take ninkawa. In aka ninka kaurinta daga baya zuwa ciki, sau takwas. A juya lissafin: kankare kashi 1 cikin 10 na kauri ya isa ya zubar da fiye da rubu'in ƙarfin wurin. Injiniya a takarda yake samun wannan amsa, mai baka kuwa a gwiwarsa ya same ta.

Daidaita hannuwan biyu shi ne inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Zai kafa baki ɗaya a ƙasa, ya riƙe ɗayan, ya danna tsakiya yana kallon yadda hannun ke rusunawa. Sannan ya ɗaura doguwar igiya sako-sako, ya ba ɗansa ya ja kaɗan, shi kuma ya ja da baya ya tsuguna yana duba. So yake lanƙwasar ta rabu daidai, kowane taƙi na iccen ya ɗauki rabonsa na wahala. Inda ya ga wuri ya ƙi rusunawa, sai ya shafa masa gawayi, ya kankare har baƙin ya fita, ya tsaya. Inda ya ga wuri ya cika rusunawa, ba ya taɓa shi ko kaɗan, maƙwabtansa zai rage har su zo daidai da shi. Bayan kowane ragi sai an jajja bakan kafin a sake dubawa, don icce ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. In yaron ya zaƙe ya fizga da ƙarfi, zai ji an ce, "Kai, sannu da hannu! Iccen bai koyi nan ba tukuna." Da gaskiyar uban, don jan da ya wuce kima tun ba a daidaita ba yana murƙushe zaruruwan ciki, kuma wannan rauni ba ya warkewa.

Agara

Daga nan sai wurin rundawa, mahautan ƙasar Sakkwato. Abin da za a karɓo agara ce, farar jijiyar nan mai tauri da ke bayan ƙafar sa, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma doguwar jijiyar da ke kwance a gadon baya. A kankare nama da kitse, a shanya a inuwa inda kare ba zai kai ba. In ta bushe takan ƙandare, ta yi launin ƙaro. Sai a ɗora ta bisa dutse mai santsi a riƙa bugu da guntun icce, bugu na lallashi, don ƙarfe ko dutse mai kaifi yanke zaren zai yi. Sannu a hankali ta yi fari, ta buɗe, a tsattsaga ta da farce har ta zama zare siri-siri. Dogaye gefe, gajeru gefe.

Hali biyu ne suka ba agara daraja. Na farko, tana miƙewa ninki huɗu ko biyar na abin da icce zai miƙe kafin ya tsinke, kuma ta dawo. Na biyu, in an jiƙa ta laushi take yi, in tana bushewa kuma sai ta tsuke, ta ƙanƙame duk abin da aka naɗa ta a kai, ga ɗan danƙon jikinta da ke manne ta ba sai an ƙulla ba. Maharbi yakan tauna zaren har ya yi laushi, ya naɗe bakin bakan inda tsirkiya za ta ci, zagaye manne da zagaye, ya shafe wutsiyar da babban yatsa. Haka yake yi wa duk wurin da yake tsoron sartse. Kafin wani yinin naɗin ya kama gam, farce ba ya ɗaga shi.

Akwai al'ummun da suka kai wannan sani nesa, suka shimfiɗa agara a bayan bakan ɗungurungum. An sami bakunan icce da ƙaho da jijiya a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a Masar a 1922. Turkawa da Mongolawa da mutanen Koriya da irin waɗannan bakuna suka yi suna, asalin mazauna Kalifoniya a Amurka kuwa icce da jijiya kawai suke haɗawa. Ga yadda ake yi. A dafa guntayen ɗanyar fata, ko jakar iskar da ke cikin kifi, a wuta marar ƙarfi har ruwan ya yi kauri ya zama gam. In aka bari ya yi ta tafasa, ƙarfinsa ya tafi. A wanke bayan bakan da ruwan toka don maiƙo ya fita, a karce shi don gam ya sami wurin kamawa, a shafa masa tsararon gam ya sha. A ɗan tanƙwara bakan ta baya a ɗaure. Sai a ɗauki ɗan damin zare, a tsoma a gam mai ɗumi, a tatse da yatsu biyu, a kwantar da shi a tsawon baya, a taje. Na gaba ya hau wutsiyar na farko, kuma ba a yarda gaɓa ta zo kan gaɓa, yadda magini ke jera bulo. Shimfiɗa ɗaya, a jira makonni. Ta biyu, a sake jira. Agarar tana bushewa tana jan bakan baya, har ya lanƙwashe ta gefen da ba a saba gani ba, ya tara ƙarfi tun ba a ɗaura masa tsirkiya ba. Masu yin baka a Daular Usmaniyya ta Turkawa sukan shekara ko fiye a kan guda ɗaya. An rubuta cewa a 1798, a filin harbi na Okmeydani da ke Istanbul, Sultan Salim na Uku ya tura kibiya kusan mita 890 da irin wannan baka.

Bakan Gobir bai bi wannan hanya ba, kuma ba don an jahilci agara ba. Gajeren baka mai tsananin ƙarfi buƙatar mai harbi bisa doki ce. Barden Hausa kuwa mashi da takobi ne makamansa, baka na dakaru ne, masu yaƙi a ƙasa, waɗanda tsawon icce bai dame su ba. Gam ɗin fata kuma ba ya shiri da laima, raɓar fadamar Rima da ruwan Agusta sun isa su sassauta shi. Sannan kibiyar nan ba da ƙarfin huda kaɗai take kisa ba. Dafin da ake shafa mata, wanda ginshiƙinsa 'ya'yan kwankwani ne, zuciya yake tsayarwa, ƙaramin rauni ma ya wadatar. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci barewa, ba mita ɗari takwas yake nema ba. Bakan da ba ya tsoron damina, wanda in ya karye daji zai ba da wani, shi ne daidai da ƙasarsa.

Tsirkiya, kibiya da kwari

Da ɗanyar fata ake yin tsirkiya, ba jemammiya ba, don jima tana sa fata laushi da saki. A cire gashi, a shimfiɗa, a fara yanka daga gefe ana zagayawa zuwa tsakiya, ta yadda 'yar fatar akuya ko ta gada za ta ba da ziri ɗaya dogo marar gaɓa. Dole faɗin zirin ya zo ɗaya, don inda ya sirance nan zai tsinke. A jiƙa, a murɗa, a rataye a reshe da dutse ɗaure a ƙasa, ana ƙara murɗi tana bushewa, har ta zama mulmulalliya. A shafe ta da mai.

Wajen ɗaurawa, wasu kan huda baki ɗaya da jan tsinken ƙarfe su zura ta, wasu su yi ɗan tsagi. A ɗaya bakin kuwa naɗe rarar ake yi, don a iya ɗamewa ko a sassauta, tunda fata tana saki da damina, ta ɗame da rani. Tazarar tsirkiya da mariƙi misalin dunƙulen hannu ce. In ta yi kusa za ta riƙa dukan tsintsiyar hannu, in ta yi nisa iccen yana wahala a banza. Maharbi yakan taɓa ta da yatsa ya saurari amonta, daga nan ya san ta ɗamu ko da saura.

Sana'a uku ke haɗuwa kafin a ce kwari da baka: ta mai sassaƙa, ta maƙeri da ta baduku. Maƙeri ya ƙera ƙarfen kibiya da doguwar wutsiya da kunnuwa, wato 'yan ƙayoyin nan masu kallon baya da ke hana ta fita in ta shiga. Jikin kibiyar kyauro ne daga fadama, miƙaƙƙe, misalin kamu ɗaya da taƙi. Sai an naɗe bakinsa da agara kafin a cusa wutsiyar ƙarfen, in ba haka ba ya tsage. Gindin ma a naɗe shi kafin a yanka gurbin tsirkiya. Kibiyar Hausa ba a sa mata gashin tsuntsu. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke jan ta ta tafi a miƙe, shi ya sa ake ɗora ta bisa yatsa a ga inda ta rinjaya. Baduku kuma ya ɗinka kwari, sau da yawa da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta bi ayari ta ƙetare hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Gwaji da kiwo

Ranar gwaji ba a farawa da cikakken ja. A tsaya kusa da tudun yashi, a harba da rabin ja, a ƙara kaɗan, a sake ƙarawa. Abu uku mai aikin yake dubawa. In bakan ya girgiza hannu bayan saki, hannun bakan ɗaya ya fi ɗan'uwansa nauyi. In ya leƙa ya ga tsirkiya ba ta ratsa tsakiyar mariƙi ba, akwai sauran karkata. In ya kwance tsirkiya ya ga iccen ya kusa komawa miƙe, to an dace. In ya zauna a lanƙwashe, ko dai bai gama bushewa ba, ko an wahalar da cikinsa.

Bayan haka sai kiwo. In an dawo daga daji a sassauta tsirkiya. A rataye bakan a kwance, kada a jingina shi a lungu, kada a bar shi a rana. A riƙa shafa masa mai. Ba a sakin tsirkiya babu kibiya, don ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi kan iccen zai koma. Ba a kuma ba mai dogon hannu aronsa, tunda zai ja shi ya wuce inda aka koya masa.

Yau rashin tsaro ya sa shiga dajin Sabon Birni da Isa ya zama kasada, namun daji sun ragu, bindiga ta karɓe yawancin aikin. A gindin bishiya ɗaya za ka tarar da masu kashe yini bisa benci ana musu, can gefe kuma dattijo da sanda a cinya yana kankara, yana tsayawa, yana leƙawa. Da magariba kowa zai tashi, amma shi kaɗai zai tashi da abin nunawa. Abin da ya sani bai tsaya kan baka ba: mai iya karanta ɓawo, ya busar da icce bai dare ba, ya sarrafa fata da jijiya, ƙotar gatari da igiyar ɗaurin kaya ba za su gagare shi ba. Mai son ya gaji wannan sani hanyarsa ɗaya ce: ya je ya durƙusa ya riƙe wa mai shi igiya, ya ja inda aka ce ya ja, ya tsaya inda aka ce ya tsaya.